Hillman, Bedford da hannun usta a Suk al-Shabi

Kasuwa biyu ke amsa sunan Suk al-Shabi, ɗaya a kudancin Khartoum, ɗaya a Omdurman, kowacce da tashar motoci da layukan masu kayan gyara. Bakano zai ga kamar Ƙofar Ruwa ce aka dasa kusa da Nilu. Kafin yaƙin 2023, duk mai tsohuwar mota can yake ƙarewa, ni ma can na ƙare lokacin da sha'awar Hillman Hunter ta kama ni.

Wanda ya san Khartoum ta da ya san motar nan, domin ita ce tasi mai ruwan ɗorawa da ta daɗe tana jigilar mutanen gari. An fara ƙera ta a Ingila a 1966, aka daina a 1979, Iran kuwa ta ci gaba da yin irinta da sunan Paykan har 2005. Wadda na saya ta shekara da shekaru a ajiye, bodi ya ci tsatsa, inji kuma ba ya ja. Aka ce robar cikin kafireto ce ta tsage, abin da bai kai tafin hannu ba.

Shago bayan shago ana girgiza mini kai, har wani yaro ya kai ni wurin wani dattijon usta, wato gwanin makaniki, a layin 'yan kwance. Ya ce, "Ɗana, ina tsohuwar?" Na miƙa masa. Ya juya ta, ya miƙe, ya zazzage wani buhu, sai ga 'yar'uwarta. Sannan ya gargaɗe ni: kada in taɓa zuwa neman kaya da baki kawai, in zo da wanda ya mutu a hannu, kuma kada in yar da ko kusa guda da na kwance. In da hali ma, in sayi mushen wata Hillman in ajiye, in riƙa ciro kaya. Na ce, "To, Baba," kuma shawarar nan ita ta tayar da motar. Abin da aka rasa baki ɗaya, sai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su auna tsohon su fitar da sabo.

Wannan ƙwarewa ba da wasa aka same ta ba. Ƙarancin kuɗin waje, da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa 2017, sun koya wa makanikan Sudan rayar da abin da wasu ƙasashe suka daɗe da kai wa bola. Babbar shaida ita ce Bedford TJ, wadda ta fito a 1958, wadda suke kira sifinja. Sukan kwance ta har ƙasa, su ƙarfafa shasi, su ƙara ganyen sifirin, su ƙara tankin mai, su yi mata sabon bodi mai ado, ta ɗauki kaya fiye da yadda maƙeranta suka tsara, ta ratsa rairayin Kordofan da Darfur. Aikin ya kai har Valerie Hänsch ta yi fim a kansa a 2009. A ganina, mu masu gyaran tsohuwar mota don nishaɗi albarkacin waɗannan mutane muka ci. Su don neman abinci suka koyi aikin, mu kuwa muka tarar da shi a nune.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ci kasuwannin babban birnin, an wawushe shaguna, wasu sun ƙone. Ana iya sake shigo da kaya, amma ustan da yake gane ciwon inji daga jin ƙararsa fa? Mutanen birnin sun watse, wasu Masar, wasu Port Sudan, kuma yawancin abin da dattawan nan suka sani ba a rubuta shi ko'ina ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu masu farfaɗo da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, su nemi tsofaffin makanikan Ƙofar Ruwa tun kafin su sayi motar. Su zauna da su a gareji, su kunna waya su naɗi bayanin, su rubuta wane kaya ne ke shiga madadin wane.