Kan Tua da dala miliyan 167: wa ke da ta cewa?

A Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, sai dai ya sha bamban da wanda yaranmu ke kallo a tele na su Real Madrid da Barcelona. Ƙwallonsu dogo ne kamar gwanda, galibi da hannu ake ɗaukarsa, mutum 11 kowane gefe, ƙarti sanye da hular kwano suna karo da juna kamar raguna. A cikin kowace ƙungiya akwai mutum guda da ke karɓar ƙwallon, ya duba fili, ya jefa wa wanda ya dace. Su suna ce masa kwatabak, mu bari mu kira shi madugu, don shi ke jan ayari, shi ya fi kowa albashi, shi ne kuma abokan karawa ke neman su maka da ƙasa kafin ƙwallon ya bar hannunsa.

A kan ɗaya daga cikin waɗannan madugai, Tua Tagovailoa, Amurkawa suka yi shekaru suna gardama a gidajen rediyo da tele da wuraren shan shayinsu. Kuma gardamar ta shafi abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: yaushe mutum zai naɗe tabarma ya bar ciniki mai riba saboda jikinsa?

Ga yadda abin ya faro. An haifi Tua a tsibiran Hawai a 1998, iyayensa ƴan asalin Samowa ne. Ƙungiyar Miami Dolphins ta ɗauke shi a 2020. Ranar lahadi 25 ga Satumba 2022, ana wasa da Buffalo Bills, aka tura shi ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Ya miƙe, ya girgiza kai, ya yi taku kaɗan sai ƙafafunsa suka saki, abokansa suka tallabe shi. Duk mai ido ya gani. Aka shiga da shi ciki, bayan hutun rabin lokaci sai ga shi ya dawo fili, aka ce wai baya ne ke masa ciwo. Kwana huɗu kacal bayan haka, ranar alhamis 29 ga wata, a birnin Cincinnati, wani ƙato mai nauyin buhun hatsi ɗaya da rabi ya ɗaga shi ya fyaɗa da ƙasa. Yana kwance, hannayensa suka sandare a gaban fuskarsa, yatsunsa suka murɗe. A kan gadon ɗaukar majinyata aka fitar da shi zuwa asibiti, miliyoyin mutane suna kallo.

Ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa ta kori likitan da ya duba shi ranar lahadin. Da aka yi bincike sai aka ce an bi ƙa'ida, amma ƙa'idar ce ke da ɓaraka, aka gyara ta a watan Oktoba: daga lokacin duk wanda aka ga yana tangaɗi bayan ya bugu, wasansa na ranar ya ƙare. Ranar 25 ga Disamba na wannan shekarar kansa ya sake buguwa a wasa da Green Bay Packers, ba wanda ya lura, shi ma bai faɗa ba, ya ci gaba har ya jefa wa abokan karawa ƙwallo sau uku a ƙarshen wasan. Sai washegari aka gane abin da ya same shi.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san me ke faruwa a cikin kai idan ya bugu. Hajiya mai awara za ta fi kowa ganewa. Ki saka awara mai taushi cikin kwano da ɗan ruwa, ki rufe, ki girgiza da ƙarfi. Kwanon ba zai fashe ba, amma awarar ta sha bugu da bangon kwano ta ko'ina. Haka ƙwaƙwalwa take a cikin ƙoƙon kai, tana iyo cikin ruwa. Hular kwano tana kare ƙashi daga fashewa, ba ta iya hana ƙwaƙwalwa motsi a ciki. Shi ya sa sau da yawa ba jini, ba kumburi, hoton asibiti ma ba ya nuna komai, kuma mafi yawan waɗanda abin ya samu ba sa suma. Alamun su ne jiri, ciwon kai, amai, ƙin haske, mantuwa, maimaita tambaya ɗaya. Masu kallon ƙwallo na iya tuna Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, wanda bayan ya bugu ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Abu mafi hatsari shi ne bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke. Wannan kuwa ya shafi duk wanda ya faɗo daga kabu-kabu a titin Maraɗi ko Damagaram ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ba komai: in ya fara amai ko sambatu ko barci mai nauyi, a kai shi likita a ranar.

To, Tua ya faɗa da bakinsa a 2023 cewa ya yi tunanin ajiye wasa, ya yi shawara da iyalinsa, ya ga zai ci gaba. Ya je ya koyi wata kokowa mai suna jijitsu don ya iya faɗuwa ba tare da kai ya taɓa ƙasa ba. A kakar 2023 ya buga wasanni 17 cif, ba wanda ya kai shi nisan jifa a duk gasar, yadi 4,624. A watan Yuli 2024 Miami ta ba shi kwantaragin shekara huɗu na dala miliyan 212.4, wanda a canjin lokacin ya haura miliyar 120 na sefa, kuma miliyan 167 daga ciki an lamunce masa su. Ko wata biyu ba a yi ba, ranar 12 ga Satumba 2024, ya ruga da ƙwallo, maimakon ya zame ƙasa kamar yadda doka ta ba madugu dama sai ya sunkuyar da kai ya yi karo da Damar Hamlin na Buffalo. Hannu ya sake sandarewa. Shi Hamlin ɗin kuwa shi ne wanda zuciyarsa ta tsaya a fili a watan Janairu 2023 aka farfaɗo da shi da ƙyar.

Nan magoya baya suka rabu biyu. Kashi na farko suka ce ya isa, yaro ya tara abin da jikokinsa ba za su cinye ba, yana da mata da ƙananan ƴaƴa, ya koma gida. Har mai horar da wata ƙungiya, Antonio Pierce na Raiders, ya ce da shi ne zai ba shi shawarar ya bari. Kashi na biyu suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: baligi ne, kansa ne, likitoci sun duba shi, wa ya naɗa ɗan kallo alƙali? Shi ma Tua, da ya dawo a ƙarshen Oktoba bayan ya rasa wasa huɗu, ya kwatanta hatsarin da na wanda ke hawa mota ya tafi aiki da safe. Akwai wata hula mai taushi da ake ɗorawa a kan hular kwano, wadda aka yarda a saka ta a wasa tun 2024. Aka tambaye shi ko zai saka, ya ce a'a, ra'ayinsa ne.

Ni dai ina tare da kashi na farko, amma bari in fara ba kashi na biyu haƙƙinsu. Gaskiya ne ba likitan da zai iya cewa bugu uku lafiya, na huɗu ne halaka. Gaskiya ne kuma da yawa cikin masu cewa ya tafi ba tausayinsa ke damunsu ba, sun gaji da shi ne suna son sabon madugu, sai suka fake da guzuma. Masu cewa ya dawo su ma ba son ƴancinsa ya kashe su ba: a wasanni huɗun da ba ya nan Miami ta sha kashi a uku. Ɗan kallo ko'ina yake, nasarar ƙungiyarsa ce a gabansa.

Amma maganar nan ta "kansa ne, shi ya sani" tana da rami biyu. Na farko, abin da zai yi tunanin da shi, shi ne ya ji ciwon. Wanda ya karye a ƙafa zai iya zama ya auna lamarinsa da lafiyayyen hankali. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu fa? Mun ga abin da ya faru a Disamba 2022, ya gama wasa bai san ya ji ciwo ba. Barin hukunci a hannun irin wannan mutum a wannan lokaci kamar ka ba ma'aunin da ya lanƙwashe ne ka ce ya auna kansa.

Rami na biyu shi ne na kuɗi, kuma nan ne ƴan kasuwa za su fi fahimta. Masu bin diddigin kwantaragin ƴan wasa sun bayyana a lokacin cewa idan likitoci suka hana shi wasa, kuɗin da aka lamunce masa suna nan. Idan kuwa likitoci suka ce ya warke, shi da kansa ya ce ya ajiye, mafi yawan abin da ya rage zai salwanta. Ku duba wannan ciniki! An ɗora dukiya mai yawan gaske a bayan ƙofa guda, an bar ɗaya ƙofar wayam, sannan an ce masa zaɓi wadda ka ga dama. In dillali ya yi wa ɗayanmu haka a kasuwar dabbobi, ba za mu ce ya bar mana zaɓi ba. Kuma kalmar "ya warke" a bakin likita tana nufin alamun yau sun tafi. Ba ta ce komai a kan yadda mutum zai kasance yana ɗan shekara 50.

Labarin shekara 50 ɗin kuwa wani maƙwabcinmu ne ya tono shi. Dakta Bennet Omalu, ɗan Najeriya, yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh a 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon wasan, wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da mantuwa da ruɗewa, har ya kai yana kwana cikin mota. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Da Omalu ya yanka ta ya duba da madubin likita sai ya tarar da wani sinadari ya taru yana kashe ƙwayoyinta. Ya buga sakamakon a 2005, ciwon da ake kira CTE. Likitocin hukumar wasan, NFL, suka nemi a janye rubutun. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban ƴan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da ciwon. Kafin nan, a 2013, hukumar ta yarda ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin ƴan wasa sama da 4,000 da suka kai ta ƙara. Junior Seau, shi ma ɗan asalin Samowa kamar Tua, ya kashe kansa a 2012 yana da shekara 43, aka duba ƙwaƙwalwarsa aka sami ciwon. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan wasan NFL 111, suka sami ciwon a 110.

Kada a yi wa lissafin nan mummunar fahimta. Iyalan da suka ba da ƙwaƙwalwar mamatansu, galibi waɗanda suka ga alamu ne tun suna raye, don haka ba za a ce kusan kowane ɗan wasa na ɗauke da shi ba. In ka je asibiti ƙidaya ai marasa lafiya za ka tarar. Kuma masana sun fi danganta ciwon da tarin ƙananan bugu na shekara da shekaru, ba manyan da ake nunawa a tele kawai ba. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ba a tabbatar da ciwon sai bayan mutuwa. Ke nan likitan da ya fi kowa gaskiya ma ba shi da na'urar da zai ce wa Tua ga abin da ke jiranka. Omalu da kansa, tun a 2022, ya fito ya roƙe shi da ya bar wasan.

Saboda haka ra'ayina shi ne ya kamata ya tsaya tun Satumba 2024. Sai dai ba shi nake ɗora wa babban laifi ba, saurayi ne ɗan shekara 26 a lokacin, wanda tun yana yaro bai san wata sana'a ba. Laifin na masu tsara cinikin ne. Da gaske suke yi da maganar lafiya, da sun rubuta cewa duk wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta bugu sau uku, in ya ce ya ajiye, a ba shi kuɗinsa cif ya tafi. A ranar ne za a san ko son wasa ke dawo da mutum fili ko tsoron asara, a ranar ne kuma masu cewa "zaɓinsa ne" za su sami bakin magana.

Su kuwa ƴan kallo, a tuna da Andrew Luck, madugun Indianapolis Colts, wanda ciwuka iri-iri suka gajiyar da shi ya ajiye wasa a watan Agusta 2019 yana da shekara 29. Da labarin ya bazu ana tsakiyar wani wasa, magoya bayan ƙungiyarsa suka bi shi da ihun tsiya yana fita daga fili. Tua bai ajiye ba, ya yi abin da kashi na biyu suke so. A watan Disamba 2025, da jifarsa ta ja baya, Miami ta zaunar da shi a benci ta ba wani sabon yaro ƙwallon, kuma ba maganar kansa ce ta sa ba.