Mudun da Linux ya ƙi sauyawa ne ke riƙe da manhajojin wayarka

Mai karatu, idan za mu sayi waya, kyamara da batir muke dubawa. Amma abin da ke sa manhajojinka su ci gaba da buɗewa bayan kowace sabuntawa wasu ƙananan fayiloli ne da ba ka taɓa gani ba.

Android a kan Linux take zaune. Linux ce zuciyar wayar, ita ke iko da kyamara, ma'ajiya da intanet. Duk manhajar da ke son wani abu sai ta miƙa mata buƙata cikin lambobi, kuma dole su yarda da girman kowace lamba. Kamar awon hatsi ne: in mudun mai saye ya bambanta da na mai sayarwa, rigima ce. Shi ya sa Linux ke fitar wa masu rubuta manhaja ma'aunanta, irin su __u32, lamba mai bit 32 a kowace na'ura. A 2012, cikin Linux 3.7, David Howells ya ware waɗannan fayiloli a wuri guda mai suna uapi, kuma daga nan Bionic na Android ke kwafo nasa.

A ganina, wannan ya fi kowace sabuwar kwalliya daraja. Da zarar an fitar da ma'auni, ya zama alƙawari, kuma Linus Torvalds ya daɗe da kafa dokar cewa gyaran Linux ba zai karya manhajar da ke aiki ba.

Wasu za su ce hakan na daskarar da tsohon kuskure. Gaskiya ne. Agogon tsarin bit 32 yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1970, kuma zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Amma ba a fasa tsohon mudun ba, sabo mai bit 64 aka ajiye a gefensa, aikin da ya kammala a Linux 5.6 cikin 2020. Ya ɗauki lokaci, amma ba a bar kowa a hanya ba.

Saura namu. Tun Agustan 2019 Google Play ke buƙatar manhajoji su zo da nau'in bit 64, amma har yanzu akwai wayoyi masu araha da ke gudana a kan 32. Kafin ka biya kuɗi, ka bincika wanne ne a cikin taka.