Muna Cin Kifinsu, Muna Toshe Hanci

Kwanan baya, a wata majalisa ta bakin masallaci bayan sallar isha'i, wani yaro ya miƙo waya aka shiga kallon bidiyon rusau a wata unguwar masunta. Mata na ihu, yara na tsaitsaye cikin kwalekwale da tukwane da katifu. Sai wani dattijo a cikinmu ya ce, "Gara da aka share su, ƙazamai ne, sun ɓata gari." Aka bushe da dariya. A daidai lokacin kuwa ledar kifi banda ce ajiye a gefensa zai kai wa iyali. Ba za mu kama suna ba, don ba shi kaɗai ba ne. Kusan dukkanmu a Idi-Araba mun taɓa faɗin irin wannan magana, ko an faɗa a gabanmu mun yi shiru.

Abin da ya sa ke nan mu biyar muka ce bari mu je mu gane wa idonmu. Muka bi 'yan unguwarmu masu sarin kifi zuwa Makoko. Daga nan zuwa Yaba ba wata tafiya ba ce, amma a cikinmu akwai wanda ya shekara ashirin a Legas bai san Makoko ba sai daga saman gadar Third Mainland, ya leƙo ta tagar danfo, ya hango hayaƙi ya ce Allah ya kyauta.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. A bakin ruwa muka shiga kwalekwalen katako, yaron da ke tuƙa mu da gora bai wuce shekara goma sha biyu ba. Ɗaya daga cikinmu, wanda a tudu ba a taka shi, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu yana ta salati, yaron na murmushi.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ba: ruwan cikin lungunan baƙi ne wuluk, akwai shara, akwai wari. Amma a kan wannan ruwan mun ga gari sosai. Gidajen katako ne a kan turaku, ga makaranta, ga coci, ga masallaci, ga shagon tela da mai cajin waya. Mai burodi da mai abinci a kwalekwale suke talla, ƙofa-ƙofa. Ruwan sha saye ake yi a jarkoki. Yawancin mutanen Egun ne, masu asali da Badagry da Jamhuriyar Benin, tare da Ilaje da Ijo da Yarabawa, kuma kakanninsu sun kafa wurin fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wato sun riga da yawa daga cikin iyayenmu zuwa Ikko.

Da muka fita fili, inda ruwa ya buɗe, sai ga jiragen masunta na dawowa. Waɗannan a ruwa suka kwana. Lokacin da muke jan bargo, su suna jan koma. Wasu na jefa raga a tsaye a bakin kwalekwalen da mu ko a zaune zuciyarmu na dukan uku-uku. Wasu sun kakkafa rassan itace cikin ruwa, kifi ya taru ya yi gida, sai lokaci ya yi a kewaye da raga a kwashe. Ga karfasa, ga tarwaɗa, ga kaguwa da jatan lande. Wani magidanci ya nuna mana abin da ya samu daren nan, bai cika daro ɗaya ba. Da Turancin buroka ya ce mana tun da aka cire tallafin mai a 2023, akwai ranar da kuɗin man inji ke cinye kuɗin kifin gaba ɗaya. Ga masu haƙar yashi sun dagula wuraren da kifi ke ƙwai, ga ciyawar ruwa mai kama da kainuwa da kan toshe hanya idan lokacinta ya zo.

Jirgi na tsayawa, aiki ya koma hannun mata. Su ke ciniki, su ke fafe kifin, su lanƙwasa shi wutsiya a baki su soke da tsinke, su jera kan ragar waya a bisa rabin duro, a hura wuta da itace da dusar katako. Har kifin kwali na ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje, irin su panla da shawa, a nan ake banda mai yawa daga cikinsa. Minti goma muka yi a rumfar banda, hawaye ya hana mu ganin juna. Matar da ke wurin tun safe take, da goyo a bayanta, kuma sai dare. Daga hannunta kifin ke zuwa kasuwar Asejere, daga can ya hau kan tiren ɗan unguwarmu, ya faɗa miyar kukarmu. To wannan hayaƙin da muke hangowa daga kan gada muna yatsina fuska, hayaƙin abincinmu ne.

Yanzu mu dawo kan maganar majalisa. Wai ƙazamai ne. Haba jama'a! Mu leƙa kwatocin unguwarmu da damina tukuna. Wanda aka bari ba famfo, ba magudana, ba motar shara, ba a yi masa gorin tsafta. Mu ma mun san zafin wannan gorin, don an sha yi mana shi.

Wai zaman da suke yi ba bisa ƙa'ida ba ne. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: gida nawa ne a Idi-Araba, ko Agege, ko Mile 12, mai shi ke da cikakkiyar takardar mallaka ta gwamnati? Rumfa nawa ce a kasuwanninmu ba a bakin titi ko ƙarƙashin wayar wuta take ba? Wai kuma maɓoyar ɓata-gari ce. Ba da wannan kalmar aka ba Alaba Rago wa'adin tashi a 2022 ba? Ba da sunan tsaro aka rufe kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016 ba, aka kuma hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, dubban yaranmu suka wayi gari ba sana'a? Ran da abin ya zo kanmu mun yi kuka mun ce ana yi wa kowa kuɗin goro saboda laifin 'yan kaɗan. Da ya zo kan masunta sai ya zama abin dariya?

Ga abin da ya faru da su. A watan Yuli na 2012 sa'a 72 kacal aka ba mutanen Makoko, sannan aka shiga sare turakun gidaje, har aka harbe ɗaya daga cikin shugabanninsu. A Otodo Gbame da ke yankin Lekki, tsakanin Nuwamba 2016 da Afrilu 2017, an raba kusan mutum 30,000 da muhallinsu, wasu suka kwana cikin kwalekwale da jarirai. A watan Yuni na 2017 babbar kotun jihar Legas ta ce korar da aka yi ba tare da tuntuɓa da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Kotu ta faɗi haka, mu kuma a majalisa muna cewa gara da aka yi. Mu da muka ga Fabrairun 2002 a wannan unguwa, muka san yadda ake barin gida da kayan jiki kawai, bai kamata a ji wannan daga bakinmu ba.

Wani abin mamakin, su ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A cikinmu akwai 'yan Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi duniya na zuwa kallo. Akwai 'yan Yawuri da Haɗeja da Nguru, akwai waɗanda da kuɗin bandar Baga aka yi musu aure. Muna girmama Sarkin Ruwa a gida, mu zo nan mu raina takwaransa don yarensa daban.

Ba muna cewa a bar kowa ya gina inda ya ga dama ba ne. Gwamnati na da ikon tsara gari. Amma a zauna da mutane, a ba su wa'adi na hankali, a ba su wurin da za su ci gaba da sana'arsu. Masunci in ka kai shi tudu mai nisa da ruwa ka kashe shi da ransa. Wannan shi ne abin da muke roƙa wa kanmu kullum, sai mu roƙa wa maƙwabci.

Saboda haka muna kira. Masu sarin kifi na unguwarmu, wanda ya karɓi kaya bashi a hannun matan nan ya biya a kan lokaci, a daina ɓuya ana kashe waya. Masu girma sarakunanmu na Hausawa da 'yan majalisarsu, a taka a gaisa da baale-baalen bakin ruwa tun ana zaman lafiya, kada sai an shiga uku a fara neman lambar juna. Malamanmu, a tuna mana haƙƙin maƙwabci a huɗuba, ko da addini bai zo ɗaya ba. Idan rusau ya sake faɗa musu, a zagaya da kwano a masallatai kamar yadda muke yi wa 'yan gobara. Matasa kuma, maimakon tura bidiyo da alamar dariya, ku haɗa kuɗin jirgi wata Asabar ku je ku gani, ku nemi rigar kariya ku sa, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton kowa.

Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun masunta ya daɗe da kamawa, namu ma ya sha babbaka. Allah ya sa mu gane tun da sauran lokaci, amin.