Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu firintar 3D: kafin a cire fankar nan mai ƙara

Zuwa ga 'yan'uwa masu sana'ar buga siffofin roba, tsofaffin hannu da sababbin shiga.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da Ender 3 tana aiki ya san abin da ya jawo wannan wasiƙa. Na'urar da kamfanin Creality na birnin Shenzhen ya fitar a 2018 ta shiga gidaje da shaguna saboda arha, amma arhar ta zo da kuka. Aikin awa goma sha biyu ba a tsayar da shi don mutanen gida za su kwanta, sai dai a yi haƙuri da ƙugin ko a nemo masa magani. Maganin da ya fi yawo a bakin masu sana'a shi ne sauya fankoki. Shawara ce mai kyau, amma wanda ya bi ta da garaje yakan sami shirun tare da aikin da ke lalacewa a tsakiyar dare.

Mai na'ura ya fara gano wa ke kukan. Akwai waƙar nan mai hawa da sauka da ake ji idan kan na'urar yana kai-komo. Wannan ba ruwanta da fanka. Ƙwayoyin A4988 da ke kan tsohon allon lantarki ne ke sa injinan jan bel su rera ta. Maganinta allo mai ƙwayoyin Trinamic na Jamus, irin TMC2208 ko TMC2209, kuma Creality da kansa ya sa irin wannan allo a Ender 3 V2 ta 2020. Sai injinan sun yi tsit ne kunne zai ji ragowar, wato hucin da ba ya yankewa daga fankoki huɗu.

A cikin huɗun, wadda hannu ya fi saurin kai wa ita ce ta gaban kan na'urar, domin da an kunna wuta take fara juyawa, ba ta kuma tsayawa sai an kashe. Ita ce kuma ta fi haɗarin taɓawa. Zaren robar PLA yana narkewa a bakin zuba ne a wajen digiri 200, amma tun daga wajen digiri 60 yake fara laushi. Tsakanin wurin da dole ya narke da wurin da dole ya zauna da taurinsa, tazarar 'yan santimitoci ce kawai. Abin da ke tsare wannan iyaka shi ne ƙarfen nan mai haƙarƙari da fankar ke hura wa iska. Idan iskar ta ragu, zafi ya dinga hawa sama a hankali, zaren ya kumbura tun bai iso inda ake jiransa ba, ya cushe hanya. Alamar ba ta ɓuya: bayan awa ɗaya ko biyu sai a ji haƙoran da ke tura zare suna ƙas-ƙas, sun gurgure shi, kan na'urar kuma yana ta yawo a iska ba abin da ke fitowa.

Fankar da aka fi sawa a gurbin ta asali ita ce NF-A4x10 FLX ta kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, mai launin ƙasa-ƙasa. A takardar kamfanin tana juyi 4,500 a minti, tana tura iska kubik mita 8.2 a awa, ƙararta desibel 17.9. Shirun gaske ne. Masu kare ta sukan kafa hujja da cewa Prusa i3 MK3, wadda Josef Průša ya fitar daga birnin Prag a 2017, da fankar Noctua ta zo daga masana'anta. Haka ne, sai dai an tsara kan waccan na'urar da mashigar iskarta da sanin fankar da za ta zauna a ciki. Wanda ya nace sai Noctua, gara ya ɗauki 'yar'uwarta mai kaurin milimita 20, NF-A4x20 FLX, wadda ke ba da kubik mita 9.4 a awa a desibel 14.9, ya buga mata sabon gida tun tsohuwar fanka na kan aiki.

A nan ne masu sana'a a Kano, Sakkwato ko Yamai ya kamata su yi nasu lissafin. Mutumin da ya gwada fanka marar ƙara a ɗaki mai digiri 20 yana da rarar digiri 40 kafin PLA ta fara laushi. A shagon da ke ƙarƙashin kwano cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, rabin wannan rarar ya tafi tun kafin a kunna na'ura. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne doguwar buga ta awa huɗu ko biyar da tsakar rana, ba ɗan ƙaramin akwati na minti ashirin bayan sallar isha ba. Mai aiki da PETG, wadda ba ta laushi sai wajen digiri 80, yana da ɗan sauƙi.

Sai batun wuta, inda kuɗi ke ƙonewa nan take. Ender 3 da 24V take aiki, waɗannan fankokin Noctua biyu kuwa na 12V ne. Wanda ya jona kai tsaye ya yi asara. Ana sa ɗan allon rage wuta a tsakani, irin mai ƙwayar LM2596, kuma wajibi ne a murɗa shi da mita a hannu har ya nuna 12 kafin a haɗa fanka, domin daga cikin leda ba a saite yake zuwa ba. Dabarar jera fankoki biyu a layi guda don su raba wutar tsakaninsu ba abar yarda ba ce: ɗaya na cijewa, rabon ya rikice. Daga baya Noctua ya fitar da 'yar milimita 40 mai 24V, kuma kamfanin Sunon na Taiwan ya daɗe yana yin irinsu.

Akwai wani tarko da Creality ya bari. A allon asali, fankar da ke sanyaya allon tana kan layi ɗaya da mai hura wa sabuwar roba, don haka idan manhaja ta rage wannan ko ta kashe ta, waccan ma ta bi sahu. Wutar layin a yanyanke take zuwa, allon rage wuta kuma ba ya jituwa da haka. Mai gyara ya jawo wa sabuwar fankar wuta daga layin da ba ya yankewa.

Ita mai hura wa roba, mai siffar dodon koɗi, a bar ta da aikinta. Matsa iska take yi ta ƙaramar kafa, abin da fanka mai buɗaɗɗen fiffike ba ta iyawa. In dole sai an taɓa, a sa babbarta mai lamba 5015 a rage mata gudu.

Inda ake cin riba ba tare da fargaba ba shi ne allon lantarki da akwatin wuta. A can akwai fili, kuma fanka mai faɗin milimita 80 ko 92 tana ba da iskar da ƙarama ke bayarwa da ihu alhali tana juyi a hankali. Sabon murfi kawai za a buga mata, mai wadatattun kafofi, tunda ƙananan hudojin murfin asali su ma suna ƙara fito. Akwatin wuta dai ba wurin koyon gyara ba ne. Akwai wutar gida a cikinsa, kuma yana riƙe caji ko bayan an zare shi daga soket. A karanta abin da ke rubuce a bayan tsohuwar fankarsa, kada a ɗauka 24V ce don kawai akwatin 24V yake fitarwa. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran rediyo.

Kafin ma a kashe ko sisi, a duba abu biyu. Ƙurar hunturu takan taru a fiffike har fanka ta rasa daidaito ta fara gurnani, kuma ɗan buroshi ya isa. Teburin katako shi ma yana amsa girgizar na'ura kamar ganga. A ɗora ta kan falalen kankare da soso a ƙarƙashi. Manhajar auna ƙara ta waya, idan aka ajiye ta wuri ɗaya kafin gyara da bayansa, za ta nuna ko an ci gaba: ragin desibel 10 ne kunne ke ji kamar ƙara ta ragu da rabi.

Tsohuwar fankar gaba kuwa a ajiye ta da kusoshinta. Idan bazara ta kama kuma zare ya fara cushewa, ita za a fara mayarwa kafin a zargi bakin zuba ko ingancin robar.