Jiran Babbar Kyamara, Jiran Gawon Shanu

Wannan makon ni aka ba dama, kuma tun kafin in fara ina neman afuwa, domin na san akwai waɗanda maganar ba za ta yi wa daɗi ba, har da abokaina na kusa.

A taron ƙungiyarmu ta marubuta na watan jiya a Ƙauran Namoda, an kawo shawarar a kwashe duk abin da muka tara a asusu cikin shekara biyu, a je Kano a sayo babbar kyamara. Hujjar ita ce zamani ya wuce littafi, kowa ya koma YouTube, kuma tun da Izzar So da Labarina suka karɓu, marubucin da bai mayar da labarinsa fim mai dogon zango ba an bar shi a tasha. Kyamarar da muke da ita, wata Canon 600D da wani dattijo ya ba mu kyauta, wai ta tsufa, megafiksel 18 ne kacal gare ta, alhali wayar hannun wani a cikinmu ma 108 aka rubuta mata. Ni kaɗai na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Wani ya ce ai dama ɗan Banga ba zai gane harkar zamani ba, aka yi dariya, aka ɗage ƙuri'a zuwa taro na gaba. Na kawo maganar nan ne saboda ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Da wuya mako ya wuce a wannan zaure wani bai tambayi wace kyamara zai saya ba kafin ya fara.

Tambayar da na yi a taron, wadda har yanzu ba a amsa mini ba, ita ce: wannan tsohuwar kyamarar, me muka ɗauka da ita a watanni goma sha huɗu da ta yi a hannunmu? Na buɗe memorinta na duba. Hotunanmu ne a jere muna riƙe da takardun shaida, sai hotunan walimar wani mamba, sai wani bidiyo na minti uku da ba a jin komai a cikinsa sai iska. Babu labari ko ɗaya. Wanda bai ƙure ta hannunsa ba, da wane baki zai ce ta yi masa kaɗan?

Ba daga sama nake wannan faɗa ba, ni ma na taɓa faɗawa ramin. Akwai wani tsoho a unguwarmu a Banga wanda ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura tun yana saurayi. Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kuma nan ne ƙarshensa ta wannan ɓangaren, don haka gyaɗa da audugar yankin nan duk ta can suke bi. Tsohon nan ya san yadda ake awo, ya san yadda ake jera buhu, ya san waƙoƙin da 'yan dako ke yi in kaya ya yi nauyi. Lokacin ina ajin ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura, na ce masa, "Baba, zan zo in ɗauki labarinka, amma bari in sami kyamara mai kyau tukuna." Ya ce, "To yaro, Allah Ya kawo ta." Ina da waya a aljihuna a ranar, tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Na yi wata takwas ina zubin adashe. Kafin kwasata ta zo, Baba ya rasu. Yau ko muryarsa ta minti ɗaya ba ni da ita. Kuɗin kuma na kai su Kano na yi cinikin biri a sama, na dawo da kyamara ta hannu wadda gilashinta ya yi fumfuna daga ciki.

To bari mu zo kan wannan lamba da ake ruɗa mu da ita. Megafiksel ɗaya yana nufin ɗigo miliyan ɗaya a cikin hoto. Bidiyon da ake kira Full HD ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2. Ko 4K da ake ta kururutawa bai wuce miliyan 8.3 ba. Bangon littafi mai girman A5, in za a buga shi da kyau a kan ɗigo 300 a kowane inci, abin da yake buƙata bai kai miliyan 5 ba. Ke nan kyamararmu mai miliyan 18 ta ninka buƙatar bangon littafi fiye da sau uku. Ita kuwa wayar nan mai 108, yawanci haɗe ɗigo tara take yi su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai miliyan 12. In ka tura shi ta WhatsApp ko Facebook su ƙara matse shi. Kamfanin Sony yana da kyamara mai suna A7S III da ya fitar a 2020, wadda ƙwararrun masu bidiyo ke ji da ita, megafiksel 12 gare ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ke bambanta kyamara da kyamara shi ne faɗin farantin da ke karɓar haske a cikinta, wanda masu sana'ar ke kira sensa, da kuma ingancin gilashin da ke gabanta. Na manyan kyamarori milimita 36 ne da 24. Na irin tamu kimanin 22 da 15, wanda ya ninka na yawancin wayoyi sau da yawa. Mai sayarwa ba zai tsaya yi maka wannan bayani ba, lambar da ke jikin kwali ita ce ke sayar masa da kaya.

Sai ɗan hakin da muka raina, wato sauti. Mu da sana'armu magana ce, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. Ku dubi yadda jama'a ke sauraron karatun littattafan Hausa a YouTube na tsawon awa guda, alhali hoto ɗaya ne tak a kafe a allon. Murya ce ta riƙe su. Ƙaramar makirufo ta maƙalawa a wuyan riga, da ɗan soson da ke tare mata iska, kuɗinsu bai kai ko kusa da na sabuwar kyamara ba, kuma kyamarar tamu tana da ramin da ake jona ta. Ba mu taɓa saya ba. Haka haske: wanda ya zaunar da mutum a inuwar zaure da hantsi, hasken ƙofa yana dukan gefen fuskarsa, zai fi wanda ya tsayar da shi a tsakar rana da kyamarar miliyoyi samun hoto.

Masu cewa sai da manyan kaya ake fim, su waiwayi tarihi. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset na bidiyo ya fita, kuma kowace waya ta yau ta fi na'urar da aka ɗauke shi da ita fitar da hoto. Daga nan masana'antar da muke sha'awa ta taso. Ado Ahmad Gidan Dabino sai da In Da So Da Ƙauna ya karɓu a matsayin littafi kafin ya zama fim. Labarin ne ya ja kyamara. A Kaduna, wasu samari da ke kiran kansu The Critics sun riƙa yin gajerun finafinan ƙagaggen kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, har duniya ta san su a 2019, daga baya manyan masu shirya fim na Amurka suka aiko musu da kayan aiki. Ku lura da jerin: aiki ya fara zuwa, kaya suka biyo baya. A Amurka ma, fim ɗin Tangerine na 2015 da wayar iPhone 5s aka ɗauke shi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Fati Abubakar ta Maiduguri. A 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gawa, ta fara ɗaukar hotunan 'yan kasuwa da 'yan makaranta da amare, tana sakawa da sunan Bits of Borno, kowane hoto da ɗan labarin mai shi. Ba wanda ke tambayar wace kyamara ta riƙe. Mu fa? Ku rubuta Zurmi ko Shinkafi a intanet ku ga abin da zai fito. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako-mako, mutane suna tafiya har wasu jihohi don su kira 'yan uwansu. Mu da muka rayu a ciki, wa ya zauna da mai shayi ko mai cajin waya ko ungozoma ya ɗauki yadda suka yi? Rashin megafiksel ne ya hana?

Akwai kuma abin da mai shago a Kano ba zai faɗa maka ba game da yankinmu. Ƙurar hunturu tana shiga cikin kyamara duk lokacin da ka cire gilashi, kuma mai wanke ta sai ka yi tafiya. Batir ba ya jiran wutar da ba ta zuwa. Mafi girma, a halin da muke ciki na zargin infoma, mutumin da ya ratayo ƙatuwar kyamara ya shiga kasuwar ƙauye ya jawo wa kansa ido, ya kuma rufe bakin duk wanda yake son ya yi magana da shi. Tsohuwa za ta saki jiki da ɗan unguwarsu mai ƙaramar waya da littafin rubutu fiye da yadda za ta saki da mai kayan da ya yi kama da baƙo. Ko da wayar ce kuma, a nemi izini, a faɗa wa mutum inda hoton zai je. Fuskar da ka saka a Facebook tana iya jefa mai ita cikin haɗari, kai kana kwance a ɗakinka kana ƙirga masu yabawa.

Kada a ce na ce babbar kyamara ba ta da amfani. Wanda ke ɗaukar biki da dare a matsayin sana'a, ko wanda ya riga ya fitar da aiki goma ya ga takamaiman inda na'urarsa ta gaza, wannan ya cancanci ya sauya. Alamar lokacin ya yi ita ce ka iya faɗar gazawar da bakinka: ba ta gani a duhu, ko ba ta kama fuska in mutum yana tafiya. In abin da za ka iya cewa kawai shi ne ta tsufa, to kwaɗayi ne, kuma an san mabuɗin me ne. Ko a lokacin ma, a fara da gilashi. Ɗan gilashin nan na 50mm f/1.8 yana cikin mafi araha, kuma yana shigar da haske ninkin-ba-ninkin na wanda ake haɗo kyamara da shi. In ta hannu za ka saya, ka tafi da wanda ya san aikin, ka haska tocila cikin gilashin ka duba fumfuna, ka ɗauki hoton farar takarda ka ga ko akwai tabo, ka bincika sau nawa aka taɓa bugawa da ita, ka gwada bidiyo na minti goma a gaban mai shagon. Ni ban yi ko ɗaya ba, kun ji yadda ta kaya.

Ga abin da zan sake gabatarwa a taro na gaba. A sayi makirufo biyu, da ƙafar kafa kyamara, da batir na biyu, da memori na gaske, da ma'ajiyar da za a riƙa kwafe aiki a ciki. Ragowar kuɗin a buga tarin gajerun labaran da muka yi shekara biyu muna alkawari. Sannan kowane mamba ya kawo hira ɗaya ta minti goma sha biyar da wani dattijo ko dattijuwa ta garinsu kafin wata uku. In muka cika hira ashirin, muka zauna muka kalla, muka ga kyamarar ce ta kasa, ni zan fara zuba kuɗin sabuwa.

Ku ma 'yan wannan zaure, kafin wani ya sake tambayar wace kyamara zai saya, ya fara nuna mana abin da ya ɗauka da ta hannunsa. Wanda yake ganin na yi kuskure, fili nasa ne, ya zo da hujja mu tattauna. Ni dai gobe da hantsi ina da alƙawari da wata tsohuwa da ta yi shekara arba'in tana saƙar faifai a bayan gidanmu, kuma da wayata zan je.