Wace bindiga ce ta dace da yaro? Magana a kan farauta da 'ya'yanmu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

1/ A Amurka akwai wata muhawara da maharba ba sa gajiya da ita: in za ka sa a haɗa wa ɗanka bindigar harbin barewa, wane harsashi za ka zaɓa wanda ba zai tokare masa kafaɗa ba? Yanzu irin wannan tambayar ta shigo ƙauyukanmu, sai dai da wata fuska. Ku biyo ni, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Bari mu fara da nasu, don akwai abin koyo. Kowace bindiga tana shuri. In harsashi ya fita ta gaba, ita sai ta komo baya ta daki mai riƙe da ita. Ƙarfin shurin ya danganta da nauyin harsashi, da yawan albarushi, da nauyin ita kanta bindigar. Mai nauyi ba ta cika shuri ba, amma yaro ba zai iya ɗaga ta ba. Marar nauyi yana iya ɗagawa, amma ta fi duka. Nan matsalar take.

3/ Shi ya sa da yawansu suke zaɓa wa yara harsashin da ake kira .243 Winchester, wanda ya fito tun 1955. Shurinsa kusan rabin na .30-06 ne da manya ke amfani da shi, kuma yana kayar da barewa. Wasu su ce 7mm-08, wasu 6.5 Creedmoor. Sai a rage tsawon gindin bindigar daidai hannun yaron, a toshe masa kunne.

4/ Dalilinsu ba tausayi kawai ba ne. Yaron da bindiga ta buga sau biyu sau uku, jikinsa yana haddace zafin. Daga nan duk lokacin da zai ja kunama sai ya runtse ido ya zabura kafin ma ta tashi. Harbi ya karkace, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale. Kuma wannan zaburar tana iya bin mutum har girma. Duk tsohon maharbi a Faskari ya san wannan, ko da bai taɓa jin sunan Winchester ba.

5/ To amma ku lura da abin da ya ba su damar yin wannan lissafi. Harsashinsu daga masana'anta yake, an auna shi, na yau daidai yake da na gobe. A yawancin jihohinsu sabon maharbi sai ya yi karatun kiyaye haɗari kafin a ba shi lasisi. Ga lokacin farauta a ƙayyade. Sannan dajin da za su shiga, barewa ce a ciki.

6/ Mu fa? Abin da ke rataye a ɗakunanmu adaka ce, harba-ka-ruga, aikin maƙeri. Ba raina maƙera nake ba, da hannunsu aka ci da gidaje shekara da shekaru. Amma bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, a auna da ido ko da tafin hannu, ba ta da wani shuri guda da za ka ce ka sani. Yau ta yi laushi, gobe a ɗan zarce ta jefar da ƙato.

7/ Kuma shuri ma shi ne ƙaramin laifinta. Tana fashewa. Tana yin shiru bayan an ja kunama, sai ta tashi daga baya. Babba ya san ya ci gaba da riƙe ta bakinta na kallon daji ya jira. Yaro ɗan shekara 12 juyo ta zai yi ya leƙa ya ga me ya hana. Ku tambayi duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara irin hannuwan da ake kawo musu da rani.

8/ Saboda haka in wani ya ce maka "ai 'yar ƙarama na sa aka yi masa, ba ta duka", wallahi bai faɗi komai ba. Ƙanƙantar bututu ba ta sa ƙarfe ya yi ƙwari.

9/ Doka ma ta yi magana, ko da ba mu cika waiwayarta ba. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma adaka na cikin bindigogin da ta ambata. Ba wai don ta gargajiya ce ta fita daga lissafi ba.

10/ Yanzu mu zo kan ainihin abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, uban da ya ce yana koya wa ɗansa farauta da bindiga, wane daji za su shiga? Faskari ta jingina da Zamfara, Sabuwa tana kallon Birnin Gwari, Ƙanƙara kuwa kowa ya san hanyar da aka bi da ɗalibai sama da 300 na makarantar kimiyya a daren 11 ga Disamba, 2020. Manoma ma da fartanya kawai a hannu ba su tsira ba, balle yaro da bututu a kafaɗa.

11/ Ku yi tunanin yadda ake ganinsa daga nesa. Ɓarawon daji ya hango shi, ɗan sa-kai ne. Soja ko ɗan sintiri ya hango shi, yaron ɓarayi ne. Babu wanda zai tsaya ya tambaye shi ko zomo ya fito nema. In kere na yawo zabo na yawo wata rana za a gamu, kuma a wannan dajin yaron ne zabon.

12/ Wanda yake ganin ƙari nake yi ya tuna Uromi a jihar Edo, watan Maris na 2025. Mafarauta 16 'yan Arewa, suna hanyar komawa Kano hutun Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su. Manya ne masu bakin yin bayani, bai hana ba. Allah ya jiƙansu.

13/ Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce: Malam, kana maganar zomo, mu muna maganar rai. Ɓarayi suna ba yaran da ko gemu ba su fara ba AK-47, mun gani a bidiyo. Gwamna Masari da bakinsa a 2021 ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. To in an shigo gari cikin dare, ɗana ya tsaya yana kallo?

14/ Duk wanda ya taɓa kwana a gona ko kan dutse da iyalinsa saboda tsoro, ba ni da bakin yi masa wa'azi a kan kare kai. Babba ya kare gidansa, wannan maganarsa daban. Amma aikin yaro a wannan daren shi ne ya san hanyar fita, ya riƙe hannun ƙannensa, ya san inda za a haɗu. Adaka sau ɗaya take tashi sai an sake ɗuri. Yaron da ya harba ya nuna inda yake, kuma ba sauran komai a hannunsa.

15/ Sannan ɓarayi suna ba yara bindiga ne saboda ran yaron bai dame su ba. Wannan na cikin manyan laifukan da muke tuhumarsu da shi. Ta yaya zai zama hujjarmu?

16/ Akwai misalin da ya fi ƙarfin gardama. Ranar Uhudu Musulmi suna cikin ƙarancin mayaƙa, amma Manzon Allah (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar gida saboda shekararsa 14. Sai a yaƙin Khandaƙ, yana da 15, aka karɓe shi. Ana tsananin buƙatar hannu, amma aka duba shekaru.

17/ Ko rundunar Community Watch da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, tantance mutane aka yi aka horar da su kafin a sa su aiki. Za ka iya sukar yadda abin ke tafiya, ni ma ina da nawa ƙorafin. Amma ko gwamnati da ke neman hannu ido rufe ba ta miƙa makami haka kawai ba.

18/ Abin da ke ba ni haushi shi ne, muna da tsarinmu tun kafin wannan masifa, mun watsar. Gidan maharba ba a fara yaro da bindiga. Danko ne farko, yana bin kurciya a bayan gari. Sai tarko, ya koyi hanyar gafiya da kurege da zomo. Sai bin kare, sai jifa da kere. Ya yi shekaru yana ɗaukar jaka da ruwa a bayan ubansa, yana koyon sawu, da inda iska ke kaɗawa, da yin shiru. Mu maimakon rage harsashi, makamin ne gaba ɗaya muke jinkirtawa.

19/ Kuma a wannan bin bayan ne uba ke gane halin ɗansa. Mai saurin fushi ne? Yana nuna abokinsa da danko da sunan wasa? In an ce tsaya yana tsayawa? Akwai 'ya'yan maharba da har suka girma ba a miƙa musu bindigar gidan ba, kuma ba wanda ya ce an zalunce su.

20/ Naman ma da ake magana, ina yake? Barewa da gada sun yi nisa da garuruwanmu tun kafin ɓarayi, noma da saran itace sun kore su. Abin da ya rage kusa da gari zomo ne da fakara da gafiya. Duk tarko da kare sun ishe su.

21/ Roƙona ga sarakunan baka da shugabannin maharba na waɗannan ƙananan hukumomi uku: ku kuka san maƙeran, ku kuka san gidajen. Ku zauna da su a yi magana ɗaya, duk wanda ya zo neman "ta yara" a ce babu. Masu unguwanni da limamai su mara muku baya.

22/ Iyaye kuma, wadda ke gidan a raba ta da albarushi, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, ba bayan ƙyaure ko ƙarƙashin katifa ba. Masu ɗora hoton yaro riƙe da bindiga a TikTok da Facebook ana yi masa kirari, ku sauke. Ba ku kaɗai ke kallon hoton nan ba, har na cikin daji suna da waya.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Katsina.