Masu Kulle Rubutun Hausa, Wa Kuke Hukuntawa?

Wata ɗabi'a ta yaɗu a shafukan Hausa na intanet, kuma ya kamata ɗaliban harshe su yi tir da ita. Mai shafi zai zuba rubutu a fili, sannan ya hana mai karatu zaɓar ko da kalma guda ya kwafa. Aikin ba wuya gare shi. Layi ɗaya ne na CSS, wato user-select: none, ko 'yan layukan JavaScript da ke tare aukuwar selectstart da copy. Wasu kuma sukan bari a kwafa, amma su cusa adireshinsu a ƙarshen abin da aka kwafa ta hanyar clipboardData.

Hujjarsu ita ce satar rubutu. Kukan gaskiya ne, domin ana kwashe aikin marubuta a liƙa a Facebook ba tare da sunansu ba. Sai dai wannan kwado ba ya riƙe ɓarawo. Burauza ba ta nuna rubutu sai ta sauke shi cikin na'ura tukuna, don haka duk wanda ya buɗe tushen shafin, ko ya kashe JavaScript, ko ya ɗauki hoton allo, ya samu abin da yake so. Wanda ke shan dukan shi ne ɗalibi.

Mu ɗauki mai koyon Hausa a Walia, unguwar da ke gunduma ta 9 ta N'Djamena, a ƙetaren kogin Shari. Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma a Chadi, kuma madannan kwamfuta da aka saba da su a ƙasashen Faransanci tsarin AZERTY ne, wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ko ƴ. Idan wannan ɗalibi ya ci karo da baƙuwar kalma, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya zaɓe ta, ya kwafa, ya liƙa a ƙamus. In an hana shi, sai ya rubuta da hannu ba lanƙwasa. Nan take ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari, ɗaka ta zama daka. Ya nemi ma'ana guda, ƙamus ya ba shi wata.

Abin takaicin shi ne, kayan aikin da ake kulle rubutu da su za su iya yi wa harshen hidima. Umarnin window.getSelection yana gaya wa shafi abin da mai karatu ya zaɓa, kuma Range yana nuna inda zaɓin ya fara da inda ya tsaya. Da waɗannan ana iya fito da ma'anar kalma a gefenta.

Har ma akwai wata matsala ta Hausa da ke jiran mai gyara. Bisa ƙa'idar Unicode ta rabe kalmomi, alamar hamza ta madannai tana cikin kalma ne idan tana tsakanin haruffa biyu, kamar a sa'a. In tana farkon kalma, ba a lissafa ta. Saboda haka danna sau biyu a kan 'yar yakan zaɓo yar, wadda ta yar da abu ce. Rubutun Nijar, mai amfani da ƴ, ya tsira daga wannan. Mai shafin da ke kishin Hausa zai iya matsar da farkon zaɓin baya da harafi ɗaya ta setStart, ko ya yi amfani da hamzar U+02BC wadda Unicode ke ɗauka a matsayin harafi.

Bargery ya wallafa ƙamusunsa a 1934 don a riƙa tono kalmomi daga cikinsa. Mai tsoron sata ya sa sunansa a kan aikinsa, ya bi haƙƙinsa a wurin wanda ya sace. Amma ya cire kwado daga kalmomin Hausa, domin ba shi ya ƙirƙire su ba.